Fili har iyakar Aljeriya, amma ɗakin haya ya gagari ɗan gari



A shirin daren Alhamis da ya wuce, saura minti huɗu mu rufe, wata baiwar Allah ta bugo. Ba ta faɗi sunanta ba, ni ma ban tambaya ba. Ta ce: "Malam, ni hili gare ni, da takarda tai, shekara bakwai ke nan. Amma wata ukku ake bi na kuɗɗin haya, mai gida ya ce in kwashe kayana kahin ƙarshen wata." Na ce to Hajiya, me ya hana ki gina naki? Ta yi wata dariya wadda ta fi kuka ciwo, ta ce: "Da wane ruwa za a kwaɓa ƙasar?" Sai layin ya yanke.

Tun ranar maganar ta tsaya mini a maƙogwaro. Lokacin rediyo ba ya isa a warware ta, ga talla, ga gaishe-gaishe. Shi ya sa na zauna na rubuta. Ku yi haƙuri, yana da ɗan tsawo, kuma na san wasu za su ji haushi.

Hau kowane tudu a bayan Cirozerin ka duba gabas da yamma. Fita Arlit ta hanyar Asamaka ka yi tafiyar awa uku a mota. Me ka gani? Fili, fili, fili, har ido ya gaji. A duniya da wuya a samu inda ƙasa ta yi wa mutane yawa kamar nan. Amma a wannan wurin ne magidanci ke kwana da fargabar ƙarshen wata, saurayi ya ɗage aure shekara biyu saboda ciki da falo ya gagara, malamin lakwal da aka turo daga kudu ya yi wata huɗu yana kwana a shagon abokinsa. Ruwa ba ya tsami banza. A ganina, tsadar gida a garuruwan ma'adinai ba ƙaddara ba ce, kuma baƙi ba su ne suka kawo ta ba. Da hannu aka ƙera ta, a ofis, da biro da tambari.

Abin da ke da tsada a nan shi ne filin da ya haɗa abu uku: famfo, wayar wuta, da takardar da ba za a zo gobe a ce ta bogi ce ba. Irin wannan filin kaɗan ne, kuma hukuma ce kaɗai ke iya yawaita shi. Duk sauran bayanin a kan wannan yake tafiya.

Tun ran gini, ran zane. Arlit ba gari ba ne da kakanni suka kafa kamar Agadas ko Ingal, a takarda aka zana shi. An kafa SOMAIR a 1968, aka fara ginin garin a 1969, uraniyom ya fara fita a 1971. COMINAK ta zo a 1974, ta gina Akokan, ta fara haƙa a 1978. Mu nan Anu Araren, an kafa SONICHAR a 1975 don gawayin ƙasa ya ba wa waɗancan kamfanoni wuta, tashar ta fara aiki a 1981. Duka ukun zane guda aka bi: a gina "site", a kai mata ruwa, wuta, likita, lakwal da kanti, a ajiye ma'aikata ciki. Cikin siten ma ba a haɗa kowa da kowa ba. Ga layin manyan ma'aikata, ga na matsakaita, ga na leburori. Yaro ɗan shekara shida ya san matsayin ubansa daga lambar ƙofarsu. Har aka riƙa kiran Arlit Paris ta biyu, sunan da Idrissou Mora-Kpai ɗan ƙasar Benin ya ba fim ɗinsa na 2005.

Wanda ya zana Paris ɗin bai yi lissafin mahauci ba, ko mai shayi, mai wanki, mai gadi, tela, direba, da makiyayin da farin 1973 da na 1984 suka kashe wa dabbobi ya gangaro gari neman abin kai wa baki. Su suka kafa nasu garin a bayan katanga, da tabarmi, kwali da gangunan ƙarfe da aka fasa. Sunan unguwar kaɗai ya isa littafin tarihi: Bukkoki. Garin da aka tsara don ƴan dubbai kaɗan, ƙidayar 1977 ta same shi da mutum dubu 10 da ɗoriya, ta 1988 dubu 32, ta 2012 kusan dubu 80. Mafi yawansu ba a cikin site suke ba. Wato tun farko an raba mu gida biyu, ƴan tsiraru masu bututu da tarin jama'a masu jarka.

Kuma gidan site ba naka ba ne, na aikin ne. Ni a irin wannan gida aka haife ni, mahaifina ya yi wa ɗaya daga cikin kamfanonin yankin nan aiki shekara ashirin da shida. Ranar da ya yi ritaya ina aji huɗu na kwaleji. Na tuna mahaifiyarmu tana tuge ƴan shuke-shukenta na bakin famfo tana sa wa a gwangwani, wai za ta dasa a sabon wuri. Sabon wurin ɗaki biyu ne na haya, mu tara, famfo yana bayan layi uku. Shuke-shuken ba su yi sati biyu ba. Ba ina ba ku wannan labari don a tausaya mini ba ne. Ina so ku gane cewa duk ma'aikacin da ya ajiye aiki, shi da iyalinsa sabon layi ne a kasuwar haya, kasuwar da ba wanda ya taɓa zama ya tsara mata komai.

To ina gwamnati, ina ma'aikatar magajin gari? Sun zo, amma da abu guda a hannu: lotisma. Duk wanda ya zauna a Nijar ya san yadda ake yi. Asusu ya bushe, albashin ma'aikatan meri ya taru, sai a tuna da daji. A kira masu awo, a ja layuka a taswira, a kafa ƴan duwatsun siminti, a yanka mita 400, 500, 600, a sayar. Kuɗin ya shiga, a biya bashi, a sayi mota. Bututun ruwa? Sai Allah ya kawo. Fal-fal ɗin wuta? Ana nan ana nazari. Ba mu muka fara ba, daga sama aka koya: a farkon shekarun 2000 gwamnati da kanta ta biya ma'aikatanta bashin albashi da filaye. Tun daga nan fili ya tashi daga wurin da mutum zai kwana ya koma takardar kuɗi. Ku tambayi mutanen Yamai abin da ya rage na dajin bishiyoyin da aka fara dasawa kewaye da birnin tun 1965.

Wa ke sayen fili a inda ba ruwa? Mutum biyu ne. Na farko irin Hajiyar da ta bugo, wadda ta yi adashe shekara da shekaru ta saya da fatan wata rana. Na biyu shi ne mai kuɗin da ba ya bukatar wurin kwana, wurin ajiya yake nema. Tun da zinariya ta ɓulla a Jado da Cibarkaten a 2014, kuɗi masu nauyi suka shigo arewa, kuɗin da ba sa son banki kuma bankin ma ba ya gane su. Ina za a zuba su? A fili. Mutum ɗaya ya kwashi goma, ashirin, da sunan mata, ƴaƴa da ƙanne. Kuma ba a bakin daji kaɗai yake saye ba, har tsakiyar gari yake bi, inda ruwa da wuta suka riga suka iso. Ya ja katanga, ya sa ƙofar ƙarfe, ya ajiye maigadi da bukkarsa a kusurwa, ya tafi. Shekara biyar kuɗin filin ya ninka ba tare da ya ɗora bulo ɗaya a kan ɗaya ba.

Don Allah gobe da safe, a kan hanyarka ta zuwa kasuwa, ƙirga katangun da ba kowa a cikinsu. Ni na yi a layinmu. Daga ƙofar gidan da nake haya zuwa bakin titi akwai ƙofa goma sha huɗu, biyar ba mai kwana ciki sai akuyoyin maƙwabta. Bututun ruwa ya bi ta gaban duka biyar ɗin. A gidan da nake kuwa mu iyali shida ne, bayi ɗaya, kontar wuta ɗaya, kuma duk ƙarshen wata sai an yi shari'a a kan wa ke da firigo wa ke da fanka biyu.

Ga yadda farashin ke haihuwa ke nan. Gari yana faɗi a taswira, amma wurin da za a iya rayuwa bai ƙaru ba. Kowa ya matso kusa da famfo, ɗakuna ba su ƙaru ba, masu nema sun ƙaru. Mai gida ba ya bukatar ya zama azzalumi kafin ya ƙara kuɗi, layin da ke ƙofarsa ne ke ƙara masa. Wanda kuma ya gaji ya fita can bakin daji ya kafa ɗaki, hayarsa ba ta ƙare ba, sunanta ne ya canza: yanzu mai ruwan jarka yake biya, da ɗan kabu-kabu safe da yamma. A nan Anu Araren akwai gidajen da ke hangen hayaƙin tashar da ke haska Agadas da Arlit, amma da tocila suke cin tuwon dare. Wanda ya yanka fili inda waya ba ta kai ba, shi za a tambaya.

Mu ɗan yi lissafin lakwal. Eka ɗaya ta turawa, wato hekta, mita dubu 10 ce. Cire tituna, masallaci da filin makaranta, a ce saura dubu 6. In ka yanka mita 600-600, gida goma ka samu. In ka yanka 200-200, gida talatin. Tsawon titin bai canza ba, tsawon bututun bai canza ba, fal-fal ɗin wuta su ne dai. A na farko iyali goma ne za su ɗauki nauyin kuɗin bututun, a na biyu talatin. Wanne kamfanin ruwa zai fi saurin kai wa? Wanne mai kanti, mai ɗakin magani ko mai taksi zai fi so? Kuma a ƙasar da ruwanta na can ƙarƙashin dutse, irin na Tarat da Arlit ke sha, wanda ya taru tun dubban shekaru kuma damina ba ta mayar da shi, kowace mita ta bututu da aka ja a banza asara ce ta jikoki.

Na san abin da za a ce, don an sha faɗa mini a iska. "Kai ɗan lakwal, kana so ka cusa mu cikin akwati irin na Turai. Mu mutanen sarari ne. Ina za mu ɗaure akuya, ina tsohuwa za ta kafa tantinta, ina za a kwana lokacin zafi?" Maganar tana da ƙamshin gaskiya, ban raina ta ba. Amma ku dubi wanda ke da sararin a yau. Mai shiga-ka-kwanta a Zango ko Bukkoki, wanda matarsa ke girki a bakin ƙofar bayi, wane sarari gare shi? Matsin da ake tsoro ai muna cikinsa tuntuni, mummunan irinsa ma, wanda ba tsari ba magudanar ruwa. Wanda nake kira a yi shi ne irin na kakanninmu. Ku shiga tsohon garin Agadas, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013. Lunguna ƙanana masu inuwa, gida jingine da gida, soro a sama inda ake shan iska da dare, katanga mai kauri da ke riƙe sanyi. Mutanen da suka gina hasumiya mai mita 27 da ƙasa da itace ba Bature ne ya koya musu zama kusa da juna ba. Sun san rana, sun san tsadar rijiya. Mai hali da ke son mita dubu, bismilla, ya saya, amma ya biya kuɗin bututun daidai faɗin katangarsa.

Kuma ba mu kaɗai ke wannan rigima ba. Birnin Okland na ƙasar Niyu Zilan ya yi fama da tsadar gida har ta zama abin kunya. A 2016 suka canza dokar gini, suka ba da izinin a ɗora benaye da gidaje da yawa a kan kusan kashi uku cikin huɗu na filayen zama, inda da gida ɗaya tak doka ta yarda. Cikin ƴan shekaru izinin gini da ake bayarwa ya ninka, kuma masu bincike na jami'ar birnin sun nuna haya ta yi ƙasa da inda za ta kai da ba a yi hakan ba. Su dokarsu a rubuce ta hana. Tamu ta fi wayo, ba ta ce kar ka gina ba, sai dai ta ba ka fili inda ginin ba zai yiwu ba, ta bar wanda zai yiwu a hannun mai katanga.

Yanzu bari in taɓa masu cewa laifin baƙi ne. Gaskiya ne Arlit hanya ce. An yi dokar hana safarar baƙin haure a 2015, aka soke ta a Nuwamban 2023, Aljeriya kuma ba ta daina zubo mutane a Asamaka ba. Ƴan zinariya na shiga suna fita. Duk wannan yana ƙara masu neman ɗaki. To amma garin ma'adinai da na kan hanya, dama aikinsa ke nan ya karɓi mutane. Ubannin da yawa daga cikinmu baƙi ne a nan, daga Tawa, Maraɗi, Damagaram, Doso. Garin da ya shekara hamsin yana karɓar baƙi bai koyi gina musu ɗaki ba, kar ya ce laifin baƙo ne. An bar jaki ana dukan taiki.

Haka masu cewa a kama masu gidajen haya, a yanka musu farashi da doka. Ina fahimtar zafin, ni ma ɗan haya ne, kuma ba na ƙin a sa wa mai neman kuɗin wata shida a dunƙule linzami. Dokar haya ma muna da ita tun 1996, sai dai ɗan haya nawa ne ya taɓa ganin kwantaragi a rubuce? Amma ku san wa ake kira mai gida a Akokan ko Wadata. Sau da yawa bazawara ce ko tsohon lebura wanda ɗakuna ukun nan su ne fanshonsa. Simintinsa daga Malbaza yake zuwa, ya biyo hanyar Tawa zuwa Arlit, hanyar uraniyom da aka gama wajen 1980, wadda yau direbobi ke sauka daga kanta su bi rairayi don ya fi ta laushi. Ko da gwamnati ta rage kuɗin siminti a Oktoban 2024, ramukan hanyar ba su ji sanarwar ba. In ka ƙayyade farashi ba ka ƙara ɗaki ko ɗaya ba, mai gida zai zaɓi wanda zai ba shi a bayan fage, kuma ba malamin lakwal ba ne zai ci wannan gasa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: ɗan haya da ƙaramin mai gida suna ta faɗa, mai katanga ashirin yana Yamai ko Dubai yana barci.

Manufar gwamnati kan gidaje fa? Takardu ba su yi mana kaɗan ba. An amince da manufar ƙasa kan muhalli a Disamban 1998. An daɗe ana maimaita cewa Nijar na bukatar gidaje wajen dubu 40 duk shekara. A wa'adi na biyu na shugaba Issoufou Mahamadou, wanda shi kansa ya yi aiki a SOMAIR kafin siyasa ta ɗauke shi, an yi alkawarin gidaje 25,000 masu sauƙin kuɗi. Aka yi dokar tsara birane ta 12 ga Afrilu 2017. Aka buɗe bankin gidaje a 2018. Madalla. Ku da ke arewa, ku nuna mini layin da ya iso ku daga cikin wannan duka. Kuma ko ya iso, wa aka yi wa ɗinkin? Gidan siminti mai ɗaki uku da ake biya ta hanyar yankan albashi, na ma'aikacin da ke da lambar albashi ne. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan jikka 42 ne tun Janairun 2024, kuma akasarin masu saurarena ko wannan ba su da tabbacinsa: ƴan kwangila ne, ƴan kasuwa, masu garka, masu tura baro. Su ba gida suke roƙo ba. Talakan Nijar shi ke gina gidansa da kansa, ɗaki ɗaya bana, ɗaya baɗi. A ba shi ƙaramin fili kusa da famfo, da takarda mai ƙarfi irin ta "Sheda" da aka sauƙaƙa tun 2006, a ga abin mamaki.

Sai kuma raina ginin ƙasa da muka koya a ofisoshi. A bakin ma'aikaci, gida bai zama gida ba sai na bulo da kwano, banki ma haka yake kallo. Alhali kowa ya san ɗakin bulo mai rufin kwano a watan Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, tanda ce. Tun wajen 1980 aka fara koya wa magina a ƙasar nan ginin ƙasa marar itace, mai rufin baka da ƙubba, kuma har Iferwan an yi shi. A Yamai, a 2016, wasu masu zanen gini da suka haɗa da ƴar ƙasarmu Mariam Kamara sun gina gidaje shida masu bene a kan mita 1,700 da tubalin ƙasa da aka matse da inji, aikin da ake kira Niamey 2000. Ba na talaka tulus ba ne, na masu matsakaicin hali ne, amma ya nuna bene ba sai da tan-tan na siminti ba. Da tsohuwar zuma ake magani.

Kar a ce ina ƙin doka. Akwai inda ya kamata hukuma ta ce a'a da babbar murya, kuma a nan ne take yin shiru. Cikin ƙorama: mutanen Agadas ba su manta da ambaliyar farkon Satumban 2009 ba, da abin da Telwa ta yi wa gidajen da ke kan hanyarta. Da kuma kusa da sharar ma'adinai. COMINAK ta rufe ranar 31 ga Maris 2021, ta bar tarin dusar uraniyom wajen tan miliyan 20 a gefen Akokan. Tun 2003 masu awo na CRIIRAD daga Faransa, tare da ƙungiyar Aghirin'man ta Almoustapha Alhacen, suka nuna ƙarafan da suka fito daga ma'adinai suna yawo a kasuwa, Greenpeace kuma ta auna titunan Akokan a 2009 ta samu wuraren da tururin ya wuce ƙima nesa ba kusa ba. Me ke sa mutum ya yi rufi da irin wannan ƙarfe, ko ya cike tsakar gida da irin wannan tsakuwa? Tsadar kayan gini. Maganar gida da maganar lafiya a nan abu ɗaya ne. A Munana ta ƙasar Gabon, inda aka rufe ma'adinin uraniyom a 1999, sai da aka dawo aka sake gina gidaje wajen 200 saboda da sharar ma'adinin aka gina na farko. Gani ga wane.

Kuma tun da an zo kan Akokan: cikin shirin rufe COMINAK an ce gidajen site, likita, da layukan ruwa da wuta za su koma hannun hukuma. Wannan ita ce unguwa mafi shiri a duk yankin, tituna a shimfiɗe, bututu a ƙasa. Dukiyar jama'a ce yanzu. To a liƙa jerin a bangon meri: gida nawa ne, wa ke cikin kowanne, da wane sharaɗi, nawa yake biya, ina kuɗin ke shiga. Wuraren da ke tsakanin gidajen, da za su ɗauki ƙarin ɗakuna a kan bututun da ke nan, wa aka tanadar wa? Haka SOMAIR, wadda gwamnati ta mayar ta ƙasa a watan Yunin 2025. In uraniyom ya zama namu, to katangar da ta raba site da Bukkoki ta wa ce? Ƴancin da bai kai famfo bayan katanga ba, matar da ta bugo mini ba za ta gane shi ba.

Kuɗin fa, za a ce. Dokar ma'adinai ta 2006 ta ware kashi 15 cikin 100 na kuɗin da ƙasa ke samu daga ma'adinai don kananan hukumomin jihar da ake haƙa. An sha kuka a kan jinkirinsa da bashin da ya taru. Duk abin da ya iso daga ciki, ni a ganina bututu da waya ne ya kamata su fara ci, kafin gyaran ofis, kafin taron bita a otel.

Ranku ya daɗe, shugabannin riƙo da aka naɗa bayan rusa majalisun gari a Afrilun 2024: ba ku da zaɓe a gabanku, ba ku da ɗan siyasar da za ku saka wa da fili. Wannan dama ce da waɗanda suka gabace ku ba su samu ba. Ku dakatar da duk wani sabon lotisma har sai ruwa ya isa na baya. Ku ƙirga katangun banza da ke kan layin ruwa, ku ɗora musu harajin da zai yi zafi, yana ƙaruwa duk shekara, har mai shi ya gina, ko ya sayar, ko ya raba. Takardar sayen fili ai da sharaɗin a raya shi cikin wa'adi take fita, ku karanta wa masu ashirin-ashirin wannan layin. Amma a kiyaye: agogon ya fara daga ranar da famfo ya iso layin, kar a je a ƙwace na Hajiya mai fili ɗaya a bar na Alhaji. Ku halatta raba babban fili gida biyu ko uku, kowanne da takardarsa, ba tare da mutum ya yi shekara yana zarya ba. Tsofaffin unguwannin da suka haura shekara arba'in a wurinsu, ku ba su takarda a inda suke, a buɗe titi inda ya zama dole, a biya wanda aka taɓa.

Mu kuma na Cirozerin, namu ya fi gaggawa. Ga aikin Dasa na kamfanin SOMIDA yana tasowa a cikin yankinmu, ga Imuraren da gwamnati ta karɓe lasisinsa a Yunin 2024, wanda ko ba jima ko ba daɗe wani zai haƙa. Ma'aikatan za su samu sansaninsu, wannan ba na shakka. Mahaucin fa, da mai shayin, da direban, da matansu da ƴaƴansu? Nan za su sauko, kuma masu sayen takardu sun riga mu jin ƙamshin. In ba a ja bututu aka yanka ƙananan filaye tun yanzu ba, Bukkoki ta biyu za mu haifa a gindin tashar wuta, mu dawo bayan shekara ashirin muna zagin baƙi.

Alhamis mai zuwa bayan sallar isha'i, shirin gaba ɗaya a kan wannan ne. Mun aika wa ma'aikatar magajin gari takardar gayyata, kujera na nan mun ajiye. Kafin ranar, kowa ya ƙirga katangun banza na layinsa ya rubuto mana a ƙasan wannan rubutu: sunan unguwa da adadi kawai, ban da sunan mai fili, ba mu son fitina. Mai takardar filin da ruwa bai kai ba, ya faɗa mana shekarar da ya saya. Hajiya da kika bugo, in kina karantawa ko wani ya karanta miki, ki yi mana fitila a lambar gidan rediyo, mu za mu kira ki, layin farko naki ne.